Hoton Ambaliya da Bangon Sirigu

A watan Agusta da Satumba na 2007 ruwa ya yi ɓarna a arewacin Gana. Aka yi ruwan sama mai yawa, aka kuma buɗe madatsar Bagre ta Burkina Faso, kogin Bolta ya tumbatsa, ya ci gonaki da rumbuna da gidajen ƙasa. A shekarar nan ce Gideon Mendel, mai ɗaukar hoto ɗan Afirka ta Kudu, ya soma aikinsa na Drowning World, wato duniya mai nitsewa. Ya fara da Ingila da Indiya, a 2012 kuwa ya zo Jihar Bayelsa a Nijeriya.

Hanyarsa ɗaya ce. Yakan tsai da mai gida cikin ruwan da ya shiga ɗakinsa, wani zuwa gwiwa, wani zuwa ƙirji, yana duban mai kallo ido da ido. Ba kuka, ba miƙa hannu. Wannan abin yabo ne, gama ya bar wa mutanen mutuncinsu, Bature da Ba'indiye da ɗan Nijeriya kuwa tsayuwarsu iri ɗaya ce. Har tabon da ruwa ya bari a bango ya ɗauka.

Amma mutumin Gurugu, can gefen Tamale, wanda ya san yadda iskar farkon damina take yaye kwanon ɗaki, zai ce labarin bai ƙare ba. Ina maƙwabtan da suka zo da magirbi? Ina masu kwaɓa ƙasa, da matan da suka ɗebo ruwa, da tukunyar da aka ɗora wa 'yan gayya? A yawancin hotunan mutum yana tsaye shi kaɗai ko da iyalinsa, sai ka ce ba shi da unguwa. Ruwa yakan janye cikin makonni, gini kuwa sai rani, sa'ad da baƙo ya riga ya tafi.

Shaidar wannan aikin tana Sirigu, kusa da Bolgatanga. Bayan damina ta zaizaye bango, da rani matar gida takan kira maƙwabtanta. Su yi yaɓe da ƙasa da kashin shanu, su goge da dutse, su zana da ja da baƙi da fari, sa'an nan su yayyafa makubar ɗorawa domin kada ruwa ya ci. Akwai mesa, da kada, da shanu, da fasasshiyar ƙwarya. Ba wadda take sa sunanta. Mai lura zai ga inda hannun tsohuwa ya tsaya, na yarinya mai koyo ya ɗauka, layin ya ɗan karkace.

Bangon ma yana da nasa rashi. Ba ya faɗin shekarar da ruwa ya zo, ko wanda ya rasu a ciki. Ƙungiyar matan Sirigu ta SWOPA, wadda Melanie Kasise ta kafa a 1997, ta kai zanen kan kyalle domin sayarwa, kuɗin kuwa ya taimaki mata. Sai dai kyallen da aka rataye a otal a Akara ruwa ba ya taɓa shi, ba kuwa za a kira kowa gayya dominsa ba.