Ta Wa? Matsalar Jingina a Nazarin Kirarin Garuruwa: Misali daga Kafanchan

1.0 Gabatarwa

Akasarin kundayen da ɗalibanmu ke rubutawa a kan kirarin garuruwa salonsu ɗaya ne: a tattaro kirari, a jera, a fito da adon harshe, a rufe. Ba kasafai ake tambayar wanda ya raɗa kirarin ba, balle wanda ya ƙi amsa shi. Wannan maƙala tana ganin cewa wannan hanya ta isa ne kawai a tsofaffin birane masu ganuwa, inda aka daɗe da sanin mai gari. Da zarar an kawo ta Kafanchan sai ta gaza.

2.0 Gurbin Mai Gari

Kirarin gari a Hausa yakan hau kan jingina, wato a ambaci gari, a kawo "ta", a biyo da sunan mutum: Kano ta Dabo, Katsina ta Dikko, Daura ta Abdu. Manazarta sun fi mayar da hankali ga abin da ke biyo baya, kamar tumbin giwa ko ɗakin kara, domin nan ne siffantawa take. A nawa ganin, gurbin sunan ya fi nauyi, domin gurbi ne na mulki, kuma yana sauyawa. Katsina ta amsa ta Korau kafin ta amsa ta Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944. Dabo kuwa sai a 1819 ya hau gadon Kano, birnin da ya girme shi da ɗaruruwan shekaru.

To, Kafanchan ta wa ce? Ƙasar ta Fantswam ce, kuma daga sunansu aka sami na garin. Bunƙasarta kuwa ta reluwe ce, domin a 1927 ta zama mahaɗar layin da ya taso daga Fatakwal zuwa Kaduna da reshen da ya nufi Jos, abin da ya jawo Ibo da Yarabawa da Hausawa ma'aikata da 'yan kasuwa. Sannan a 1933 aka dawo da fadar Sarkin Jama'a cikin garin daga Jama'a Sarari. Masu da'awa uku ke nan a kan gurbi ɗaya. Duk sunan da maroƙi ya cusa bayan "ta", ya yanke hukunci a shari'ar da ba a gama ba. Mu da aiki ya kawo mu yankin mun lura cewa ba a ɗaukar irin wannan magana da wasa, musamman bayan rikicin watan Maris na 1987 da ya faro daga Kwalejin Ilimi ta garin.

Saboda haka rashin kirari guda da kowa ya yarda da shi ba talaucin adabi ba ne, kamar yadda mai tattarawa zai yi saurin zato. Jama'a sun kauce wa mutum ne suka jingina ga abu. Ana kiran Kafanchan garin jirgi, duk da cewa harkar jirgin ta daɗe da durƙushewa. Kwoi da Kaciya citta ce ta yi musu suna, Kagoro kuwa dutsenta da bikin Afan na ranar 1 ga Janairu. Jirgi da citta ba su da zuriyar da za ta nemi gado.

Akwai wani kuskuren da ya fi wannan muni, wato ɗaukar sunan da Bahaushe ya raɗa a matsayin laƙabi marar illa. Waɗanda muka saba kira Kaje suna kiran kansu Bajju, Kataf su ne Atyap, Jaba kuma Ham, kuma da yawansu ba sa son jin tsofaffin sunayen. Sunan Zangon Kataf kansa ya cancanci nazari: zango masaukin fatake ne, amma an jingina shi ga mutanen ƙasar da sunan da ba su zaɓa ba. Rikicin 1992 a can ya taso ne a kan sauya wa kasuwa mazauni, wato dai tambayar mai gari ce ta sake fitowa. Haka kuma yadda Kudancin Kaduna ya maye gurbin Kudancin Zariya a bakin mutanen yankin, ƙin jingina ne ga Zazzau, wadda Jama'a ta kasance ƙarƙashinta a ƙarni na 19.

Taken da gwamnati ta liƙa wa jihar a lambar mota, wanda ke kiran ta cibiyar ilimi, bai shiga wannan lissafi ba. Da Turanci aka tsara shi a ofis, ba a kuma jin sa a bakin maroƙa.

Ɗalibin da aka tura Kafanchan neman kirari ya kamata ya rubuta sunan unguwar da ya ji kowane laƙabi, da harshen da aka faɗe shi, da kuma abin da maƙwabta ke cewa idan sun ji. In kuwa bai iya Tyap ko Jju ba, ya nemi abokin aiki daga cikin masu harshen, domin waƙoƙin yabon ƙasa da ke cikin waɗannan harsuna ba za su faɗo cikin kundin da aka tattara da Hausa kaɗai ba.