Jinjina ga Masu Tuwon Tasha

Kafin ladan ya kira assalatu, mai tuwo a tashar Unguwa Uku ta Kano ta riga ta hura wuta. Mai ci bai ga wannan ba. Shi dai ya zauna kan benci, a miƙo masa ruwan wanke hannu, sai ga malmalar tuwon shinkafa da miyar taushe tana tururi. Tuƙin babbar tukunya kuwa aikin ƙarfi ne, ga hayaƙi.

Ƙwaƙwalwarta ce ta fi burge ni. Ta san direban da ba ya son yaji, ta san ɗan dakon da sai yamma zai biya. "Alhaji, a ƙara miya?" Almajiri ma, ko ƙanzo ne, sai an kankaro masa.