Ranar Al'adu Ba Ta Isa Ba

'Yan'uwa masu hidima, a makarantunmu na Littafi Mai Tsarki mukan keɓe rana guda a shekara mu kira ta Ranar Al'adu. Ɗaliban Berom, Ngas, Tarok, Bura da Tangale su sa kayan gargajiya, a yi rawa, a ci abinci, a tafa. Kashegari a koma aji, kowa ya bar harshensa a bakin ƙofa. A ganinmu wannan biki yana rufe wani laifi namu.

Hausa ta yi wa ikkilisiya babban aiki. Tun da aka buga Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, ta haɗa ƙabilu masu yawa cikin sujada ɗaya. Amma mun mai da ita ma'aunin basira. Ɗalibin da Hausa ba ta zauna a bakinsa ba, in ya yi tambaya aka yi dariya, sai ya kama bakinsa har ya sauke karatu. Wanda kuwa ya fito daga cikin Hausawa ko Fulani, wasu sukan ja jiki da shi saboda rikice-rikicen da aka yi, sai ka ce shi ya tayar da su.

Mu duba Ayyukan Manzanni sura 6. Yahudawa masu jin Helenanci sun yi gunaguni cewa ana mantawa da gwaurayensu wajen rabon abinci. Manzanni ba su musa ba. Aka zaɓi mutum bakwai, dukansu masu sunayen Helenanci, har da Nikolas mutumin Antakiya wanda ba haifaffen Bayahude ba ne, aka danƙa musu aikin. An ba ɓangaren da aka manta da shi hakkin gyara.

Haka ya kamata ajinmu ya zama. In muna koyar da hadaya ko gafara, mu tambayi kowane ɗalibi yadda mutanensa suke faɗinsu, da inda ma'anar ta yi daidai da Nassi, da inda ta kauce. In muna duba jarrabawa, mu raba kuskuren nahawu da kuskuren koyarwa. Gobe za a tura ɗalibin nan ƙauye, inda tsofaffi ba sa jin Hausa sosai. In bai taɓa yin tunanin bishara da harshensu ba, me zai ciyar da su?

Tambaya don tattaunawa: Wane ne bai yi magana a ajinka ba tun farkon zango, kuma don me?