Tsokaci a Kan Kalmar "Barcin Mafarki"

A shekarar 1953 ne Aserinsky da Kleitman na Jami'ar Chicago suka gano wani mataki na barci, REM, wanda idanu ke kai-komo cikin sauri a lokacinsa. Sunan da ya fi saurin zuwa baki a Hausa shi ne "barcin mafarki". Wannan suna yana da rauni ta fuska biyu.

Da farko, binciken Foulkes na 1962 ya nuna cewa ana yin mafarki a sauran matakan barci ma. Na biyu, sunan ya ɓoye abin da Jouvet ya gano a jikin kyanwoyi a 1959, wato ƙwaƙwalwa tana aiki tamkar a farke alhali tsokoki sun saki. Idan mutum ya farka kafin sakin ya wuce, shi ne dannau. Idan kuwa sakin bai samu ba, sai mai barci ya riƙa naushi da shuri, cutar da Schenck da Mahowald suka bayyana a 1986.

Saboda haka "barcin motsin ido" ya fi dacewa, domin ya tsaya a kan abin da aka auna.