Kanta na Kabi a Alƙalamin Maƙwabtansa: Sharhi kan Littattafan da Muke Dogara da Su

Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a sake duban littattafai biyu da kusan duk mai koyar da tarihin Muhammadu Kanta, wanda ya kafa daular Kabi a farkon ƙarni na 16, yake dogara da su. Ra'ayina shi ne, ba Bakabe ne ya rubuta ko ɗaya daga cikinsu ba, amma mun ɗauki maganarsu muna ba ɗalibai kamar yankan wuƙa, ba tare da tambayar wane ne marubucin ba, kuma daga ina yake hangen Kabi.

Littattafan

Na farko shi ne Tarikhus Sudan na Abdurrahman Sa'adi, mutumin Tambutu, wanda aka rubuta wajen 1655. Shi ya ba da labarin yadda Kanta, sarkin Leka, ya raka Askiya Muhammadu yaƙin Agadas, da yadda suka ɓata a kan rabon ganima wajen 1516, har rundunar Songai ta kasa tanƙwara shi. Darajar littafin ita ce yana kawo shekaru. Rauninsa kuwa, Sa'adi ya yi rubutu bayan fiye da shekara ɗari da faruwar abin, kuma Kanta ba ya fitowa a cikinsa sai in ya gitta wa sarakunan Songai. Ɗan tawaye ya gani. Yadda aka gina Surame da Gungu, da yadda ake mulkinsu, ba su dame shi ba.

Na biyu shi ne Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello, wanda ya kammala a 1812. Bello ya yaba ƙarfin Kanta ƙwarai, ya kawo labarin gwabzawarsa da Barno. Sai dai ya ce asalinsa bawan Fulani ne, alhali Kabawa suna cewa ubansa daga gabas ya fito, uwarsa kuma 'yar Sarkin Katsina ce. Ba cewa nake Bello ya ƙaga labarin ba. Abin da ya ji ya rubuta. Amma wajibi ne ɗalibi ya san cewa shekara bakwai kacal ke tsakanin wannan rubutu da cin Birnin Kabi da masu jihadi suka yi a 1805. Haka kuma riwayar Kabawa tana da tata manufa, wato ɗaukaka gidan sarauta. Kowa ya ɗebo ruwa, tulunsa yake cikawa.

Darasi daga Sikotlan

Wannan matsala ba tamu ba ce mu kaɗai. A ƙarnin da Kanta ya rayu, wani malamin Sikotlan, Hector Boece, ya buga tarihin ƙasarsa a 1527, ya jera sarakuna kimanin arba'in na zamanin da. George Buchanan ya maimaita su a 1582, ya kafa hujja da su cewa jama'a suna da ikon tuɓe azzalumin sarki, don yana goyon bayan tuɓe Sarauniya Mary da aka yi a 1567. Sai a 1729 Thomas Innes ya bi tsofaffin takardu ya nuna cewa waɗannan sarakuna ba su da tushe. Shekara ɗari biyu ana karantar da su. Abin da ya fid da su shi ne gwada riwaya da riwaya.

Abin da iyaka ta ɓoye

Mu ma muna da abin gwadawa, sai dai rabinsa yana ƙetaren iyaka. Wanda ya tsaya a Illela ya dubi arewa, Birnin Ƙonni ce gabansa, bayanta kuma ƙasar Adar. Adar ta zauna ƙarƙashin ikon Kabi har zuwa 1674, lokacin da Agabba, ɗan Sarkin Agadas, ya ci Kabawa da yaƙi, daga baya zuriyarsa ta riƙe sarautar Adar a wata Illela ta jihar Tawa. Djibo Hamani ya rubuta tarihin Adar tun 1975, amma da Faransanci, saboda haka kaɗan daga cikinmu suka karanta shi. Iyakar da Ingila da Faransa suka shata ta raba mana har ɗakunan karatu, ɗalibi ɗan Illela ya tashi yana zaton ikon Kanta a bakin shingen kwastan ya tsaya.

Kammalawa

Ina ba da shawara uku. A riƙa koyar da Sa'adi da Bello tare da bayanin zamaninsu da matsayinsu. A fassara ayyukan malaman Nijar zuwa Hausa, harshen da ya haɗa ɓangarorin biyu. A kuma kai ɗalibai kufan Surame da ke ƙasar Binji su ga ganuwar duwatsun da idonsu, domin ita ce shaidar da Kabawa suka bari da hannunsu. In ba mu yi haka ba, malaman firamare da muke yayewa za su ci gaba da haddace wa yara hukuncin maƙwabta a matsayin tarihin Kabi.