Wa ake zana wa layin mota a ƙofar asibiti?

A garuruwan Amurka, idan za a gina gidan kula da tsofaffi masu buƙatar taimako, ɗaya daga cikin abubuwan da ake kai ruwa rana a kansu a zaman hukumar tsara gari shi ne wurin ajiye mota. Doka ta ce kowane gado ko ɗaki sai da gurbi kaza. Mai gini ya ce ai mazauna gidan yawancinsu sun daina tuƙi, motocin da za su zo na ma'aikata ne da masu ziyara. Maƙwabta kuma su ce idan aka rage, a ƙofar gidajensu za a riƙa jibge motocin.

Za ka ce ina ruwan mutumin Gumel da wannan? Ai mu tsoho a gida yake tsufa, gaban 'ya'ya da jikoki, gidan gajiyayyu irin na Shahuci a Kano kuwa na wanda ya rasa kowa ne. Gaskiya ne. Amma tsohon nan yana zuwa asibiti, yana zuwa awon hawan jini, kuma ƙofar da yake shiga wani ne ya zana ta. Ƙorafina a kan zanen ne.

Alkaluman da ake dogara da su a Amurka yawanci daga kundin wata ƙungiyar injiniyoyin sufuri mai suna ITE suke fitowa. Farfesa Donald Shoup na jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalis ya yi musu filla-filla a littafinsa na 2005. Ya nuna an ɗauko su ne daga unguwannin bayan gari inda kowa ke da mota kuma ajiyewa kyauta ce, wani lokacin daga wurare 'yan ƙalilan, sannan a lokacin da cunkoso ya kai ƙololuwa. Aka mayar da wannan doka, gari ya kwafa daga gari. Birnin Bafalo ya soke wajabta gurbin mota a 2017, Miniyafolis ta bi sahu a 2021. To su da suka ƙirƙiro abin sun fara ja da baya, mu kuma har yanzu muna ganin fili mai intalok da farin layi shi ne alamar gini na zamani.

Yi lissafi da kanka. Gurbin mota ɗaya kamar mita 2.5 ne a mita 5. Idan ka haɗa da hanyar shiga da juyawa, yana cin murabba'in mita 25 zuwa 30. Motoci 16 sun cinye fuloti guda mai ƙafa 50 a 100. A gurbin mota ɗayan nan kuwa babur biyar za su tsaya.

Yanzu ka tsaya bakin wani asibiti a masarautar Gumel da safe. Dattijon da aka kawo daga wani ƙauye na Sule Tankarkar ko Gagarawa, da wuya a ce motar gida ce ta kawo shi. A babur ne, an sa shi a tsakiya, ɗansa ya riƙe shi ta baya. Ko a adaidaita sahu, ko motar haya, da damina ma har amalanken shanu. Waɗannan ba ajiyewa suke yi ba, saukewa suke yi su wuce. Masu daɗewa su ne majinyata da 'yan dubiya, waɗanda ke shimfiɗa tabarma ƙarƙashin darbejiya su wuni, wasu su kwana. Idan aka sare bishiyar aka shimfiɗa siminti don motocin da ba za su zo ba, an kori waɗanda suka zo ke nan, a garin da zafin Afrilu ke wuce digiri 40.

Akwai hanya mai sauƙi ta sanin filin da ake buƙata, wadda masana lissafin jerin gwano ke kira ƙa'idar Little, da sunan John Little da ya tabbatar da ita a 1961. Yawan abin hawan da ke tsaye a kowane lokaci daidai yake da yawan masu isowa a awa, sau tsawon zaman kowane ɗaya. A misali kawai: babur 30 a awa, kowanne minti 4, babur biyu ke nan a tsaye. Mota 3 a awa, kowace awa 2, mota shida ke nan. Ka ga masu saukewa sun fi yawa nesa ba kusa ba, amma fili kaɗan suke so, sai dai ya zama daf da ƙofa. Ma'aikaci mai wuni a ciki zai iya ajiye tasa motar can baya ya tako. Abin da muka saba gani akasin haka ne: inuwar bakin ƙofa ta motar manya ce, mai babur kuma an tare shi tun daga get, tsohuwa mai ciwon gwiwa ta ƙarasa cikin rairayi.

Ƙidayar ba ta buƙatar ɗan kwangila. Ɗalibai biyu da littafi da biro, mako guda, sun isa. Sai dai a tuna da ranar kasuwa. Alhamis a Maigatari, da fataken dabbobi daga Nijar da manyan motoci masu lodin kudu, ba ɗaya take da Litinin ba, kuma ranar da mota ke samuwa daga ƙauye ita ce ranar da ake haɗa kasuwa da asibiti.

Ba cewa nake a hana mota wuri ba. Motar ɗaukar marasa lafiya dole ta sami hanyar da ba a toshewa. Dokar kare haƙƙin masu naƙasa da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara, wa'adin ya cika tun farkon 2024. Jigawa kuwa tun 2007, zamanin Sule Lamido, ta fara biyan naƙasassu alawus na naira 7,000 a wata, don haka batun ba baƙo ba ne a jihar. Gangaren keken guragu yana da ma'auni: duk tashin santimita ɗaya yana son tsawon santimita 12. Dakali mai tsayin santimita 30 yana buƙatar gangare mai mita 3.6. Idan ka kai wani asibiti gobe, auna wanda ke wurin da takunka, ka duba ko ba a ajiye mota a bakinsa ba.