Saira Na Da Da Saira Na Yanzu

'Yan'uwana mata, na daɗe ina bin finafinan Malam Aminu Saira, tun muna aron faifai gida-gida a nan Yalwan Damai. Ga Duhu Ga Haske na 2010, wanda Adam Zango da Zainab Indomie suka ja, a dare ɗaya muka gama shi, muka wayi gari muna ta gardama a kansa.

Da Labarina ya fito a 2020, a Arewa24 da YouTube, sunansa ya shiga kowane gida, kuma ya cancanta. Hoto tas, ga Baba Ɗan Audu. Amma fa an ja labarin Sumayya da yawa. Maganar da a da zai kashe cikin minti biyar, sai a ce mu jira wani makon. Tun ina ƙona miya saboda shi har na daina.